Ranar da Kaosarat Ta Canza Suna

"Suna ne fa kawai a takarda, Kaosarat! Wa ya ce ki canza uba?"

Isma'ila ne ke magana, suna tsaye a gefen Titin Ibrahim Taiwo, rana na dukansu. Shekara biyu suna soyayya, bai taɓa ɗaga mata murya ba sai yau.

Ta samu gurbin karatun jinya, saura kwana shida a rufe rijista. Bashin karatu ta fara nema, aka ce makarantarsu ba ta cikin jerin. Tallafin jiha ya rage, shi kuma sai da takardar shaidar asali.

A Fagge aka binne cibiyarta, Hausa kamar jakar Kano. Amma da ma'aikacin ƙaramar hukuma ya ga "Waliu Oyeniran" a gurbin sunan uba, ko ɗago kai bai yi ba, ya ce ta je garinsu. Ta je ɗin. Can kuma suka ce ai 'yar Kano ce, wa ya san ta?

"Kawuna Garba ya yarda ya rubuta ki 'yarsa," in ji Isma'ila, ya sassauta murya. "Rantsuwar canza suna kawai za ki yi a kotu. Masoyiyata... so kike ki ƙare a bayan kantar shago?"

"Baba fa? Da wane baki zan gaya masa?"

"Ni dai ba zan iya kallon ki kina kuka kullum ba!"

Ta rasa gaba, ta rasa baya. Ta tsani shawarar, ta kuma tsani kanta da zuciyarta ke son ta.

A shagonsa na kwanuka a Kasuwar Sabon Gari ta samu Baba Waliu. Shekara talatin yana wannan rumfar. Ta durƙusa, ta faɗa masa komai, kanta a ƙasa.

Ya daɗe yana goge murfin tukunyar da babu ƙura a kansa.

"Yaushe ne kotun?"

"Baba, ba zan..."

"Na ce yaushe ne?"

Ranar Laraba ya saka farar agbadarsa ta zuwa masallacin Juma'a, ya rako ta da kansa. Isma'ila na biye da su, ya kasa haɗa ido da tsohon.

"Kausar Garba!" magatakarda ya kira.

Sabon sunanta ke nan, amma ba ta tashi ba. Baba ne ya taɓa kafaɗarta, ta miƙe. Ta sa hannu.

Magatakardan ya buga hatimi, sannan ya dubi tsohon da ke tsaye a bayanta.

"Alhaji, kai ne wa a wurinta?"

Kaosarat ta buɗe baki, Baba ya riga ta.

"Maƙwabcinsu ne, ranka ya daɗe. Yarinyar kirki ce."

Nan ta durƙushe a gaban teburin, ta fashe da kuka.