Injin da Ba Ya Shan Gazuwal

Dab da magariba ɗan kabu-kabu ya sauke Imrana a bayan ƙauyen Gidan Amumune, ya juya babur ya ƙara wuta, ko waiwaye babu.

Aiki Imrana ya zo nema. An ce wani Alhaji Dalhatu ya kafa injin niƙa yana neman mai kula da shi, ga ci ga wurin kwana. To, Imrana ba sabon shiga ba ne. Iyayen gida bakwai ya yi wa aiki, uku da zagi suka rabu. Ƙa'idarsa ɗaya ce: ba ya sa hannu a kwanon maigida sai ya gaisa da ma'aikata hannu da hannu, domin wanda ya ci tuwon mutum ya karɓi aikinsa ke nan.

Alhaji ya tarbe shi da fara'a, ya turo kwano. Tuwo da nama, sai tururi.

"Ci mana, ɗana."

"Bari in gaida mutanenka tukuna, Alhaji."

Murmushin ya ɗauke.

Imrana ya zagaya rumfar injin. Inji na ta ruri, amma ba hayaƙi, ba warin man gazuwal. Ƙarni kawai, irin na mahauta.

Mutum uku na ɗura gero, kawunansu a sunkuye. Ya miƙa wa wani dattijo hannu. Sanyi ƙalau. Yatsu biyu kacal.

Na biyu, dungulmi.

Dattijon ya yi raɗa: "Ka ci tuwon?"

"A'a, Baba."

"To ruga. Mu mun ci."

Inji ya yi tari, ya mutu.

Sai ga Alhaji a bakin rumfa, kansa na gogar jinka. Ɗazu bai kai haka tsawo ba. Ya zabga wa dattijon bulala a fuska, ya damƙi hannunsa ya cusa a bakin inji.

Ƙashi ya ce ƙaras.

Inji ya tashi. Gari ya zubo ja.

"Kai, la'ananne!" Bakin Imrana ya riga hankalinsa. "Haka kake riƙon mutane?"

Alhaji ya cafke wuyan hannunsa, ya ja shi. Ƙarfe ya ciji ɗan yatsansa. Imrana ya kurma ihu yana kiran sunan Allah.

Inji ya shaƙe, ya tofo yatsan.

"Bai ci ba!" dattijon ya yi ƙara. "Ba naka ba ne, sake shi!"

Imrana ya fizge, ya ruga cikin karan gero, jini na bin gwiwar hannunsa, har ya faɗi a ƙofar wani masallaci ana sallame salla.

Da safe mutane suka je wurin. Ba rumfa, ba Alhaji. Tsohon inji ne mai tsatsa a gindin gawo, da kwanon tuwo, har lokacin yana tururi.

Yau Imrana na da garejinsa a Mayahi. Duk wanda ya zo neman aiki, kafin a kawo abinci sai ya nuna masa makanikansa da hannun nan mai yatsu huɗu, ya ce, "Je ka gaisa da su tukuna. Ƙirga yatsunsu."