Agogon da Ya Tsaya a Shekarar Baba

Akwai wani yaro da ake yi wa laƙabi da Sarkin Gyara. Ba ya iya ganin abu a karkace ya wuce. In hannun buta ya saki, sai ya ɗaure. In hoton bango ya karkata, sai ya hau kujera.

Babansu ya rasu tun ƙanwarsa Auta tana goye. Ba ta san fuskarsa ba sai a hoto. Amma ta san muryarsa.

Kafin ya rasu, Baba ya haɗa darasin karatu a wata tsohuwar manhaja. In ka danna hoton kyanwa, sai muryarsa ta ce, "Kyanwa. Maimaita mana." Kullum da yamma Auta takan zauna ta maimaita.

Da kwamfutar Baba ta mutu, manhajar ta ƙi aiki a sabuwa. Sai babbar yayarsu, mai koyon aikin kwamfuta, ta yi dabara. Ta gina wata ƙaramar kwamfuta a cikin sabuwar. Ba a taɓa ta da hannu, taga ce kawai a kan allo. Ta zuba mata tsohon tsari irin na zamanin Baba.

"Ɗakin Baba ke nan," in ji Yaya. "Ku shiga ku saurara. Amma kada a taɓa saiti."

Wata rana yaron ya dawo daga makaranta. Mama tana guga a tsakar gida. Auta tana barci. Ya buɗe ɗakin Baba, sai idonsa ya faɗa kan agogon da ke kusurwar tagar. Shekarar ba daidai ba ce. Tsohuwar shekara ce, tun yana ajin farko.

"Duk iliminta Yaya ba ta ga wannan ba?" ya ce a ransa.

Ya danna, ya sa kwanan wata na ranar. Ya ji daɗi.

Sai ya buɗe darasin. Maimakon kyanwa, wani akwatin rubutu ya fito. Ya ce lokacin manhajar ya ƙare.

Ya mayar da tsohuwar shekarar da sauri. Ya sake dannawa. Akwatin ya sake fitowa.

Ya kashe ɗakin, ya shiga saiti. Ya taɓa jin Yaya ta ce ƙwaƙwalwa ce ke ba kwamfuta ƙarfi, sai ya ja ma'aunin har ƙarshe. Ya ga wani jerin zaɓi, ya sauya. Ya ga alamar lasifika, ita ma ya sauya, ko za a dace.

Da ya kunna, tagar ta yi baƙi ƙirin. Kibiyar linzami ma ta daskare.

Ya rufe kwamfutar a hankali, ya lulluɓe ta da mayafinta.

"Sarkin Gyara, yau ba ka ci abinci ba," in ji Mama.

"Na ƙoshi, Mama."

"Kai? Kai da ke suɗe kwano har ya yi ƙara?"

Bai yi dariya ba. Yana kallon takalman Baba da ke bayan ƙofa. Har yau ba wanda ya kawar da su.

Auta ta farka, ta zo tana murza ido.

"Yaya ƙarami, kunna mini Baba."

"Kwamfutar tana hutawa."

"Baba ba ya gajiya," in ji ta. "Kunna."

Ya kawar da kai. In muryar ta tafi, ba inda za a samo wata. Ba a sayar da ita a shago.

Da Yaya ta dawo, ta ɗaga mayafin, ta kunna. Ta daɗe tana kallon baƙar tagar. Sannan ta juyo.

"Wa ya taɓa?"

"Ƙila wuta ce ta..."

"Ƙanena, dube ni. Ba dukan ka zan yi ba. In ban san abin da aka taɓa ba, zan yi ta lalube, kuma lalube na iya ƙarasa abin da ya rage."

Sai hawaye suka zubo masa.

"Ni ne, Yaya. Agogon na gyara."

Yaya ta dafe goshi. Mama ta ajiye dutsen guga ta shigo.

"Da gangan na tsayar da shi," in ji Yaya. "An yi wa manhajar wa'adi, masu ita kuma sun daɗe da rufe kamfaninsu. Muddin tana zaton Baba na nan da shekararsa, za ta buɗe. Yanzu ta ga yau, kuma ba ta mantuwa."

"Shi ke nan ya tafi?" Mama ta tambaya. Muryarta ta yi ƙasa sosai.

"Ban sani ba tukuna, Mama. Kai, jawo kujera. Faɗa mini ɗaya bayan ɗaya."

Ya faɗa. Yaya ta kashe kwamfutar gaba ɗaya, ta sake kunnawa.

"Ka kwashe ƙwaƙwalwar gidan duka ka ba ɗaki ɗaya," ta ce. "Da me gidan zai tsaya?" Ta mayar da ma'aunin baya. Linzami ya motsa.

"Sai jerin nan," in ji shi.

"Ka ce ta tashi daga faifai, alhali ba faifai a ciki." Ta gyara. Tagar ta yi shuɗi, tsohon tsarin ya tashi. Amma akwatin rubutun yana nan.

"Saura dabara ɗaya," in ji Yaya. "Ranar da na gina ɗakin, na ɗauki hoton ajiya. Yana mayar da komai yadda yake a ranar. Sai dai na manta, kafin in zuba muryar na ɗauka ko bayan."

Ta danna. Wani siririn layi ya fara cika a hankali. Yaron ya riƙe ƙafar kujera. Mama tana addu'a ƙasa-ƙasa.

Agogo ya koma shekarar Baba. Kyanwa ta fito.

Auta ta miƙa hannu ta danna. Shiru.

Ta sake dannawa. Shiru.

"Ba ya magana," in ji Auta.

Yaya ta ciji yatsa. "To, bayan na ɗauki hoton na zuba ke nan..."

"Yaya," in ji yaron da sauri, "na taɓa alamar lasifika. Ta canja. Wadda na tarar ba wannan ba ce."

Yaya ta duba. "Ai kuwa. A ranar farko ban riga na saita sauti ba. Tsohon tsari bai san sabuwar lasifika ba." Ta kashe ɗakin, ta zaɓi tsohuwar, ta kunna.

Auta ta danna hoton agwagwa.

"Agwagwa," in ji Baba. "Maimaita ma..." Sai ya fashe da dariya, don wani ƙaramin yaro a bayansa yana cewa, "Gagwa, gagwa."

"Ga Sarkin Gyara tun bai iya gyara bakinsa ba," in ji Mama, tana share ido da gefen mayafi.

Kowa ya yi dariya, har shi.

Washegari Yaya ta koya masa yadda ake ɗaukar hoton ajiya. Suka kuma naɗi muryar Baba, kalma bayan kalma, a wayar Mama da ta Yaya.

"Me ka koya?" Mama ta tambaye shi.

"Ba duk abin da na ga kamar ya karkace ne ya lalace ba. In tambaya kafin in taɓa. In kuma na ɓata, in faɗa da wuri, kada in ƙara ɓarna."

Har yanzu yakan kalli agogon nan a kusurwa. Ba ya taɓa shi. A cikin ƙaramin ɗakin, Baba yana nan yana dariya.