Abin da Ke Cikin Gangar Youssouf

Da hantsi wata jar mota ta shigo warsha, wato garejin da Youssouf ke aiki, tana tari kamar mai mura. Youssouf ɗan Damagaram ne, ya kwana biyu a Jidda yana saita injinan motocin tsere. Ya ɗago kai yana jiran ya ga saurayi ya fito, sai ga budurwa cikin baƙar abaya, ta tura tabarau saman goshi.

"Kai ne Youssouf? An ce ka san itanol," ta faɗa da Larabci.

Da ya amsa ta ji harshensa, sai ta yi murmushi ta juya Hausa. "Ashe ɗan gida ne. Sunana Ruba. Ina da tsere ranar Asabar, kuma ba na son uzuri."

Ya buɗe gaban motar ya duba. "Kin cika mata itanol, man nan mai sinadarin giya, amma famfon mai da tiyo duk na fetur ne. Itanol yana sanyaya inji, yana ƙara masa ƙarfi, sai dai motar za ta riƙa sha fiye da da, wannan famfon ba zai iya ba. A ina kike ajiye itanol ɗin?"

"A jarka, cikin garejinmu."

"A buɗe?"

Ta gyaɗa kai.

"Iskar Jidda duk laima ce, itanol kuwa zuƙe ruwa yake yi. Ruwa kika shayar da baiwar Allah."

"To ka gyara, ni kuma in ci tseren. Kowa da aikinsa."

Ya yi dariya, amma da ya sunkuya ɗaukar sifana sai ya saci kallonta.

Ranar Asabar da la'asar saƙo ya shigo wayarsa daga filin tsere na wajen gari: "Na zo ta ɗaya. Yaya ake cewa mabruk da Faransancinku?"

Ya rubuta: "Mu barka muke cewa. Barka, Guguwa."

"Guguwar wa?"

Ya tura: "Tawa, in an yarda."

"An yarda tun ranar da ka yi mini faɗa a kan jarka, ya Muhandis, injiniyana."

Daga nan motar ta riƙa samun ciwo iri-iri. Yau wata ƙara ce da Ruba kaɗai ke ji, gobe sitiyari ya yi nauyi. Youssouf ya duba ya ce lafiyarta ƙalau, ita kuma ta zauna kan kujerar roba tana shan shayinsa tana gyara masa Larabci, yana gyara mata Hausa. Har sun tsayar da maganar zai je unguwar Hindawiyya ya gaida mahaifinta, Ammi Lado, tsohon direban motocin alhazai wanda duk unguwa ke ganin girmansa.

Sai Raed ya riga shi. Raed ɗan aminin Ammi Lado ne, ya daɗe yana neman Ruba da sharaɗin ta bar tsere, ita kuwa ta ce masa a'a a fili.

Wata safiya Youssouf ya tashi da dogon saƙo: "Muhandis, Raed ya ce wa Baba kana ɓoye gangunan giya a warsha, wai sunan mai kawai ka laƙa musu. Na yi bayani cewa itanol ne na mota, Baba ya ce shi dai ya san kuhul kuhul ne, giya giya ce. Ya karɓe makullin mota, ya ce kada ka tako masa gida."

Ya ajiye wayar. A ƙasar nan irin wannan magana ba a kunne take tsayawa ba. Kafin azahar kafilinsa, ubangidan da ya ɗauki nauyin zamansa a ƙasar, ya kira shi gefe ya ce takardun gangunan a cike suke, amma in surutu ya yi yawa ba zai sabunta masa iƙama, takardar izinin zama, ba.

Ya rubuta mata: "Guguwata, ba zan so sunan babanki ya ɓaci saboda ni ba. In tafiyata gida ce za ta kashe maganar, zan tafi."

Amsa ta zo nan take: "Halas, ya isa, kada in sake jin wannan. Ba ka yi laifi ba, ba inda za ka. Na san Baba, ba ya yanke hukunci da kunnen wani. Ka tsaya a inda kake, habibi, ni ma ina tsaye."

Ya tsaya. Ya ci gaba da aikinsa, yana buɗe ƙofar warsha har bango yadda kowa zai ga gangunan.

Bayan 'yan kwanaki, da rana tsaka abokan aiki sun tafi cin abinci, wani dattijo ya shigo cikin farar jallabiya yana dogara sanda. Ya yi sallama, ya waiga hagu da dama, sannan ya fito da wata ƙaramar gora daga aljihu.

"Yaro," ya ce da Hausa ƙasa-ƙasa, "an ce kana da abin nan. Ɗan tsiyayo mini. Ba wanda zai ji."

"Wace mota gare ka, Baba?"

"Ba ta mota ake ba. Ka gane ai."

Ran Youssouf ya ɓaci, amma ya jawo kujera ya zaunar da shi, ya miƙa masa ruwan sanyi.

"Baba, ka haife ni, kada ka ga rashin kunyata. Wannan mai ne, tun daga masana'anta aka gauraya shi da fetur don kada a sha. Guba ne, zai iya kashe ka. Kuma ko da mai shayuwa ne, wallahi ba da hannuna ba. In wani abu ne ke damunka, zauna mu yi magana, ko in kai ka asibiti da kaina. Amma gorar nan, ba ni ita."

Ya karɓe ta ya jefa cikin kwandon shara.

Dattijon ya ƙura masa ido. Can ya miƙe, ya je bakin ganga ya sunsuna, ya yamutse fuska yana tari.

"A'uzubillahi! Wannan ko jaki ba zai sha ba." Ya goge idonsa da gefen rawani. "Ni ne Lado, uban Ruba."

Youssouf ya durƙusa bai san ya yi ba.

"Tashi, ɗana. Na zo in kama mai sayar da giya, sai aka yi mini wa'azi. Raed kuma ni da ubansa za mu zauna. Ka turo manyanka ranar Juma'a."

Manya suka gana, aka sa rana. Da ranar ta zo, bayan sallar la'asar aka ɗaura aure a masallacin unguwa. Washegari da yamma mata suka cika gidan da guɗa, Hausa da Larabci suna ta karo a tsakar gida. Ruba ta ce ita za ta tuƙa kanta zuwa gidanta na unguwar Aziziyya, ba wanda ya yi mamaki.

A bakin ƙofa Ammi Lado ya kama hannunta ya sa cikin na Youssouf. "Ga amana. Allah ya yi muku albarka, ya ba ku zuriya ta gari, ya sa ku tsufa tare."

Mahaifiyarta Fatsuma ta rungume ta tana addu'a. Ruba ta shiga mota da ƙarfin hali, ta tayar da inji, ta kalli madubi. Sai ta hango mahaifinta tsaye shi kaɗai yana ɗaga mata sanda. Hawaye suka ɓalle mata har ta daina ganin titi.

Ta kashe motar, ta fito, ta zagayo ta miƙa wa Youssouf makulli. Ba ta taɓa zama a kujerar gefe cikin wannan motar ba.

"Yalla, Muhandis," ta ce. "Kai ni gida."

"Da gudu ko a hankali?"

Ta kwantar da kanta a kafaɗarsa. "A hankali. Ba wanda nake tsere da shi yau."