Makirufon Ranar Yaye

Mai gyaran sauti yana tsaye a zauren taro, igiyar wuta a kafaɗa, yana cewa "ɗaya, biyu" ga kujerun da ba kowa, sai wata murya daga can baya ta ce, "Uku."

Auta ce, 'yar ajin ƙarshe a makarantar harkokin mulki ta jami'ar, ta ɓuya tana karatu. Tun ranar ta raɗa wa mai gyaran sautin suna Ɗaya-Biyu, shi kuwa ya kasa barci.

Zauren yana da wani hali da ma'aikata ba sa son ambata. Makirufonsa ba ya ɗaukar maganar da ba ta kai zuci ba. An sauya shi, sabon ma ya koyi halin. Duk ranar yaye ɗalibai babban baƙo zai gyara murya ya ce "ku ne manyan gobe", lasifika ta yi tsit, sai wani huci mai sanyi, kamar na wanda ya matso yana saurare. Mu da muka taɓa jawabi a wurin mun koma gida muna zagin batir.

Saƙonni suka fara yawo tsakanin Auta da Ɗaya-Biyu.

"Autata, yau na ji dariyarki a lasifika, alhali ba kya nan."

"Ita ma ta gane kai abin dariya ne. Ka ci abinci?"

Babanta, tsohon darakta, shi ne baƙon bana. Da maganar soyayyarsu ta kai masa ya ce, "Yaron da makirufo ya gagara shi ne zai riƙe gida?" Ya fi son ta auri wani malami mai ƙamshin turare.

Ranar gwajin sauti malamin ya hau dandamali ya kalli Auta ya ce ita ce hasken idonsa. Tsit, sai hucin nan. Ya sauko yana duba agogo.

"Kai ma hau," in ji Auta.

Ɗaya-Biyu ya hau, ya ce, "Ina son ki." Ko sahun farko bai ji ba. Ta ɗauki jakarta ta fita.

Sai da ya je neman makulli ya taɓo batirin a aljihunsa. Hannunsa ya saba cirewa da zarar wani ya sauka.

Ya tura mata saƙo: "Wallahi batirin yana aljihuna."

"Haka duk kuke cewa."

Da safiyar yaye ta shigo cikin rigar digiri, ta sa batirin da hannunta. Zauren ya yi sanyi. Ɗaya-Biyu ya buɗe baki, abin da ya fito shi ne, "Ina tsoron babanki." Bango ya amsa.

"Sauran fa?"

Ya maimaita abin da ya faɗa mata ranar gwaji. Tagogi suka girgiza, tantabaru suka tashi daga rufi.

Da rana Baba ya hau. Ya yi magana kan hidima da sadaukarwa, shafi bayan shafi, jama'a suna kallon leɓensa kawai. Hucin ya cika zauren har yara suka daina motsi. Baba ya share gumi, ya harari Ɗaya-Biyu, ya kawar da kai yana gunaguni.

"Wannan yaron zai raba ni da ita. Uwarta ta rasu, ita ma za ta tafi, in na shigo gida wa zan ce wa na dawo?"

Kowace lasifika ta ɗauka, har ta bakin ƙofa. Ba wanda ya tafa. Auta ta rufe fuska da hularta.

Bayan an watse Ɗaya-Biyu ya durƙusa gabansa. "Baba, ɗakin da na kama yana bayan layinku. Ko tari kuka yi za mu ji."

"Ba na tari," in ji Baba. Ya daɗe yana kallon takalmansa. "Wane gidan? Mai koren ƙofa?"

Bayan 'yan watanni aka yi aure. Da za su tafi Baba ya dafa kansu, muryarsa ƙasa ƙasa.

"Allah ya yi muku albarka, ya zaunar da ku lafiya. Kai kuma ka rage mata son da kake yi, ta riƙa tuna hanyar gida."