Ɓarawon Daƙiƙa Goma Sha Biyu

Auta na durƙushe a tsakar gida tana wanke-wanke, sai ga Gwaggo ta faɗo ko sallama babu, mayafi a hannu.

"Ina Yaya? Ina yake? Yau na ga abin da ya fi ƙarfina!"

Abba ya fito daga shagonsa na kafinta da ke jikin gidan, garin katako duk a gemunsa. Gwaggo ta tura masa waya a fuska. Bidiyo ne na daƙiƙa goma sha biyu: wani dogon saurayi ya fizge jakar wata tsohuwa a tashar mota, ta kife a ƙasa, shi kuma ya ranta a na kare.

"Duba da kyau! Ba surukin naka ba ne? Tun safe yake yawo a guruf ɗin dangi!"

Auta ta taso ta leƙa wayar. Dogo ne, wanda saura wata biyu a ɗaura musu aure.

"Abba, fim ne! Wallahi fim ne, ni ma na yi editin ɗinsa!"

Gaskiya ta faɗa. A wani zaure na intanet suka haɗu da Dogo, zauren masu gajerun fina-finai. Mutum ɗari da wani abu ne, yawancinsu ba su taɓa ganin juna ba: wannan ya rubuta labari a garinsu, wancan ya ɗauka, wata ta gyara sauti, a turo wa Auta ta harhaɗa. Duk shekara sukan kaɗa ƙuri'a su zaɓi fina-finai goma, a haska a bikinsu. Nasu ya shiga bana, sai wani ya yanko tsakiyar tallarsa ya sake shi ba kai ba gindi.

Auta ta ɗauko wayarta. "Ga cikakken nan, Abba, ka kalla..."

"Ajiye!" Ya daka mata tsawa. "Waya ce ta ce ɓarawo ne, yanzu kuma waya za ta ce ba ɓarawo ba ne? Wacce zan gaskata? Na dakatar da maganar nan. Kada in sake ganin ƙafarsa a gidana."

Kwana huɗu Auta ba ta san ɗanɗanon abinci ba. Ta shiga ɗaki, ta fito, ta ɗauki tsintsiya, ta ajiye. Umma ta ce, "Ke kam zauna, kina sa ni jiri!" Sai Auta ta fashe da kuka ta kira Dogo.

"Ka zo ka yi masa bayani mana! Ka zauna kamar ba kai ake zagi ba!"

"Ya ce kada in zo, Auta. In na taka dokarsa yau, gobe da wane ido zan kira shi uba?"

"To shike nan, mu zuba ido a raba mu?"

"Ban ce ba. Amma mai haƙuri shi kan dafa dutse."

"Ni dai na gaji da dutsen nan!" Ta kashe wayar.

A zaure kuwa saƙonni sai zuba suke kamar ruwan sama. Wani ya ce a cire fim ɗin daga biki, mai sauti ta ce in an cire an tabbatar da ƙarya ke nan. Wasu suka shiga bin duk shafin da aka sa guntun suna liƙa cikakken a ƙarƙashi. Dogo ya rubuta cewa shi ya yarda a cire, aurensa ya fi masa tafi. Ana cikin wannan cacar baki sai ga saƙon murya daga Malama, tsohuwar malamar firamare da ta yi ritaya, wadda sai ta yi wata ba ta ce uffan ba a zauren.

"Yara, kun cika surutu. Ku turo min kwatancen gidan su Auta."

Washegari da hantsi ta yi sallama, bayan tafiyar awa biyar a mota. Gwaggo, da ta zo jin yadda aka kwana, ta zabura.

"Innalillahi! Ke ce aka yi wa ƙwacen!"

"Ni ce, baiwar Allah. Sau bakwai ma aka yi min."

Abba ya shigo, suka gaisa. Malama ta gyara zama. "Malam, katifa ce a ƙasa, an rufe ta da yashi. Duk faɗuwar da na yi sai yaron nan ya dawo a guje, 'Mama yi haƙuri, Mama kin ji ciwo?' har mai ɗauka ya ce zai kore shi. Shekara talatin ina koyar da 'ya'yan mutane, na san ɗan kirki in na gan shi. Ka ƙi shaidar waya, to ga ni da ƙafata."

Abba ya juyo ya dubi ƙanwarsa. Gwaggo ta shiga sosa kunne. "Ni fa turo min aka yi..."

"Ke kuma kika tura wa mutum nawa?" in ji Abba. 

A makon ne zaure ya kafa sabuwar doka: duk tallar da za a saki sai da tambarin biki a jikinta daga farko har ƙarshe, kuma bayan kowane fim a nuna minti ɗaya na yadda aka ɗauke shi.

Ranar bikin zauren taron ya cika maƙil, wasu dubbai na kallo ta intanet. Abba na layin gaba. Da aka nuno Dogo yana kakkaɓe wa Malama yashi yana ba ta haƙuri, jama'a suka kwashe da dariya, Abba ma har da share ido. Ana tashi ya hango Dogo, ya yafito shi da hannu. Dogo ya durƙusa.

"Na zalunce ka, ka yi shiru. Na kore ka, ba ka tsallake maganata ba. Ka yafe min, ɗana. Rana tana nan yadda aka sa ta."

Auta ta rungume Umma tana kuka tana dariya.

Haka lamarin yake: guntun labari ya fi ƙarya ɓarna, don haka kafin ka tura, ka bincika. Wanda kuma ya girmama iyaye a lokacin da suka yi masa kuskure, Allah ba ya rasa wanda zai aiko ya wanke shi.