Hancin Wasila

Tsakanin mai ɓoye ciwonsa da mai taya shi ɓoyewa saboda so, wa ya fi laifi? Ni dai ban sani ba. Mahadi ma bai sani ba, ranar da matarsa Wasila ta miƙo masa kaskon turare, ya kau da kai.

"Abban Hafsatu, shinshina mini mana. Kajijin ya yi yawa?"

"Na daina."

"Ka daina me?"

"Na daina zame miki hanci, Wasi."

Duk unguwarsu a Gusau, amaryar da ba a turara da haɗin Wasila ba, gani take ba ta cika amarya ba. A Tsafe ta koyi sana'ar, wurin mahaifiyarta. Sai dai tun damina Wasila ba ta jin ƙamshin komai, kuma daga ita sai mijinta suka sani. Ita ke haɗawa, shi ke shinshinawa ya ce ƙara ko rage. Da farko dariya suke yi. Har shi ma ya ji daɗin yadda take buƙatarsa.

Amma murar da suke zato ta ƙi tafiya. Hancin hagu kaɗai ya toshe. Haɓo ya riƙa zuwa ta nan ɗin. Idon hagu ya soma hawaye ba kuka ba, kuncin kuma ta ce wani lokaci kamar ba nata ba.

"Na je na tambayi likitan hanci," in ji Mahadi. "Ya ce toshewar gefe ɗaya da jini ba abin jira ba ne. Akwai tsiro mai laushi da ake cirewa a huta. Akwai mai dawowa in ba a bi shi ba. Akwai kuma..."

"Kar ka faɗa!"

"Ciwon daji, Wasi. Yakan ɓuya a kogon bayan kunci. Ya ce ba a ganewa sai an duba."

"Bayan bikin Husna zan je. Ƙanwata guda, za a kai ta Bungudu da turaren kasuwa? Inna ta ji hancina ya mutu ana tsakiyar shiri? Haba masoyina... sau ɗaya tak!"

"Bayan sallah ma haka kika ce."

"To je ka! Ka ga ko zan mutu!"

Ya fita zaure ya zauna. Ya taimake ta ne yanzu, ko ya yashe ta? Yana nan Inna ta iso daga Tsafe da buhun kajiji. Ya durƙusa yana gaishe ta, sai ta ɗaga kai.

"Mi ke ƙonewa cikin gidan nan?"

Ƙaurin tsumma ne. Mahadi ya zabura.

Wasila na tsugune a tsakar gida tana juya haɗi, Hafsatu na barci a bayanta. Gefen zanin goyon ya faɗa kaskon garwashin da ke bayanta, hayaƙi na tashi, wuta na cin zanin a hankali zuwa ƙafar yarinyar. Wasila kuwa har waƙa take yi.

Ya damƙe wutar da tafin hannunsa. Inna ta fizge jikarta. Yarinyar ta tsala kuka, amma ko ƙwarzane babu.

Inna ta daɗe tana duban ɗiyarta.

"Ni daga zaure na ji. Ke da kike gane humrar da ta kwana a buɗe, zani na ci a jikinki ba ki ji ba?" Ta juya. "Mahadi, mi ke damun matarka?"

Ya sunkuyar da kai. Ƙaryar tana bakinsa, ya saba da ita. Gaskiyar kuma ba tasa ba ce. Hannunsa sai raɗaɗi yake.

Wasila ta kamo hannun. Ta dubi fatar da ta saluɓe, ta dubi ƙafar 'yarta. Wannan karon idanun biyu ne suka zubo da hawaye.

"Inna... ba na jin ƙamshi. Tun damina. Jini nake yi ta hanci. Shi ya yi ta roƙona, ni na ƙi."

"Saboda turare? Wayyo ɗiyata! Ai gara a kai Husna da hayaƙin kara!"

Wasila ta tura wa mahaifiyarta kwanon haɗin, ta jawo mayafi daga igiya.

"Tashi, Abban Hafsatu, mu je asibiti. A ɗaure maka hannu, ni ma a duba ni."