Sai Masara Ta Yi Tsada

Muslimat na zaune a ƙofar ɗaki da cikin wata takwas, ƙafafunta sun kumbura har silifas ba ya shiga.

"Yaya Tasi'u, kaina kamar zai tsage. Nas ɗin Kuyello ta ce jinina ya hau, mu tafi asibitin Birnin Gwari. Buhun masara ɗaya fa ya ishe mu."

Mijin ya sosa ƙeya. "Wallahi Baba ne ya hana, sahibata. Ya ce ba a taɓa rumbu da kaka, sai masara ta yi tsada. Sha farasitamol tukuna."

Wa zai ja da suruki? Ta haɗiye ƙwayar, ta haɗiye kukanta. Sati uku ana haka!

Ran wata Laraba tana tankaɗe ta yanke jiki ta faɗi, tana jijjiga. Shatar mota, ƙarin jini, tiyata — buhu tara suka tafi a farashin da ake rainawa. Ita ta rayu, yaron bai zo da rai ba.

Da surukinta Malam Audi ya zo dubiya, ciki-ciki ta gaishe shi.

"'Yata, me ya zaunar da ku? Tun ranar da na ji ƙafarki ta kumbura na ce yaron nan ya ɗebi buhu biyu."

Ta juyo wajen mijinta a hankali.

"Yaya Tasi'u... ashe kai ne?"

Ya durƙusa, hawaye shaɓe-shaɓe. "Kuɗin babur nake son haɗawa — don in riƙa kai ki awo..."

"Ka yi min ƙarya, ka sa na ƙullaci Baba! Sati uku ina kallon idonka, kai kana kallon kasuwa!"

Daga asibiti gidansu ta wuce, Kazage. Wata biyar yana sintirin biko, sai da Malam Audi ya taka da kansa ta haƙura ta koma.

Da ta sake samun ciki, buhun farko na kaka Tasi'u ya kai kasuwa, da arahar da komai. Abokai na ta yi masa tsiya, ko a jikinsa. Ta haifi Ummi lafiya lau.

Jama'a, in ciwo ya zo a tashi a nemi magani, jira ya fi asibiti tsada. Masara kam ta yi tsada a waccan bazarar, yadda Tasi'u ya hango. Har yau in ana zancen farashinta, tashi yake ya bar wurin.